Baƙon Cikin Dutse

Teku na sayo na kawo Maradi,
guntu-guntu, cikin bido da jiƙaƙƙen buhu,
a bayan tirelar Ɗan Jimma daga Kwatano.
Na gina masa ɗakin gilashi a falo,
ina auna gishiri kamar mai haɗa magani.
Maƙwabtana na Ali Ɗan Sofo suna leƙe suna dariya,
wai ga mai zuba kuɗi a ruwan da ba a sha.

Kifi tara ne.
Hassiya ta raɗa wa kowa suna:
Mai Lalle, Ɗan Kwali, Alhaji Shuɗi,
da ɗan rawaya matsoraci da ta kira Bari-in-wuce.

Ran Talata takwas.
Na ƙirga da yatsa a kan gilashi, na sake ƙirgawa.
Na zargi kyanwa, ta sha tsintsiya a banza.
Na zargi kuran da ke ɗaukewa da azahar
har injin iska ya yi tsit.
Amma mushe yakan taso sama,
wannan ko ƙaya bai bari ba.

Ran Juma'a Alhaji Shuɗi.
Ran Asabar rabin Mai Lalle na juyi a gindin famfo,
yanka ɗaya, kamar da almakashin tela.
Hassiya ba ta yi kuka ba,
ta dai daina shigowa falo.

Sai na kwana a zaune.
Na naɗe tocila da jan kallabin Barira.
Ƙarfe biyu da kwata, sauro na cin idon sawuna,
daga ramin dutsen da na fi so,
wanda na biya jikka goma sha biyu don kyan ciyawarsa,
wani kai ya fito.
Ba gaggawa, kamar maigida ya leƙo zaure.
Baki na buɗewa yana rufewa,
haƙora sun karkata ciki kamar ƙugiya,
sai jiki, sai jiki, sai ƙarin jiki,
igiyar guga mai idanu.

Wata biyar ke nan muna gida ɗaya.
Ya shigo bai fi zaren takalmi ba,
ni na biya masa kuɗin mota.

Na ɗauko Baushi daga Madarunfa a babur,
shekara arba'in yana jan taru.
Ya tsuguna, ya daɗe.
Ya ce, “Ba gaiwa ba ce.
Gaiwa in yunwa ta kai mata, jikinta take ci,
wannan na maƙwabta yake ci.
Kada ka sa hannu.”
Na nuna masa babban yatsana a naɗe da tsumma.

Ya yanke wuyan gorar roba, ya kifa shi ciki,
ya jefa guntun ɗanyen tarwaɗa.
Daren farko ya cinye ya fice.
Na biyu ko kallo bai yi ba.
Na uku, gab da kiran assalatu,
muka ji gora na bugun gilashi.

To, yanzu fa?
Barira ta ce tattasai da albasa.
Baushi ya ce gulbi, sannan ya girgiza kai:
ruwan daɗi zai kashe shi kafin la'asar,
gulbin ma yashi ne zalla a watan nan.
Teku kuwa kwana biyu ne a mota,
in kan iyaka ta yarda.

Ya kwana a bahon wanki, faranti a kai, taɓarya a kan faranti.
Da safe na je wurin mai gilashi a Sabon Gari,
na ƙara cin bashi.

Gishiri biyu nake aunawa yanzu.
Ina miƙa masa nama da tsinken tsire mai tsawo,
ya fizga ya koma rami, ko godiya.
Hassiya ta dawo falo.
Kullum ta ƙirga shida, da ƙarfi, tana juya masa baya.
Jiya na tambaye ta sunansa,
ta ce bai ci suna ba tukuna.